Bayan Gajimare da Cikinsa

A shekarar da aka gama yaƙin basasa ne ƙanin mijina ya zo mana ƙauyenmu Bahuli daga Yelwa, inda yake aikin akawu, ya riƙo wata jaridar Turawa kamar jariri. A ciki akwai hoto: wani abu ƙulu-ƙulu mai zanen fari-fari, sai ka ce ƙwaryar nono da aka gama dama fura.

"Matar yaya, zo ki ga duniya," in ji shi. "Tauraron ɗan'adam ne ya ɗauka. Yana can sama yana gadin gajimare, dare da rana."

Na ce, "Sannunsa da aiki. Wa ke kai masa tuwo?"

A ranar kuwa maigidana ya cire hular rumbunmu, wadda ta ruɓe, zai saƙa sabuwa. Dawar da za ta kai mu kaka tana ciki, baki buɗe. Ni tun safe hankalina bai kwanta ba. Tururuwa na ta kwasar ƙwai zuwa tudu, ga wani ɗan gajimare baƙi-baƙi ya zauna a kan duwatsun gabas, wajen Kamaru, ya ƙi tashi. Duk wanda ya girma a gindin duwatsun nan ya san wannan zama.

Na ce, "Maigida, a mayar da tsohuwar hular kafin la'asar."

Sai akawu ya ɗora yatsa a kan hoton. "Ga ƙasarmu nan, yaya. Fes! Ko ɗigon gajimare babu. Kana da mako biyu cur."

"Shi tauraron naka ta ina yake kallo?"

"Ta sama mana."

"To, bayan gajimare yake gani. Mu cikinsa muke gani. Ka taɓa gane akuya mai ciki ta gadon bayanta?"

Maigida ya yi dariya, amma maganar ƙaninsa ya bi. Mutum mai biro uku a aljihu, ina za a saurari mace mai ludayi? Suka zauna gindin tsamiya suna juya duniya a hannu, ni kuwa na yi ta kwasar dawa da masaki ina kaiwa ɗakina, ina gunaguni.

Ban kwashe ko rabi ba iska ta juyo. Kafin su ɗaga tsohuwar hular, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, har mayo, wato rafin garinmu, ya kawo.

Da aka ɗauke, na ce wa akawu, "Ɗan karanta mana, yaushe aka ɗauki hoton nan?"

Ya duba, ya sake dubawa, ya yi tari. Ashe tun cikin ranin bara ne.

Kwana uku muna shanya dawa, duk da haka ta ƙasan rumbun ta tsira, muka ƙarasa daminar nan da rogo. Itace ma duk ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa. Jaridar ce kaɗai busasshiya a gidan, don a cikin rigarsa ya ɓoye ta. Na miƙa hannu, ya ba ni. Ta kama da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba.