Takardar da ta shiga hoto

Ko ƙwaƙwalwata ta fara zubar da abubuwa, ba na jin za ta zubar da ranar da aka zo rufe shirina.

Tun kafin yaƙin nan ne. 'Yar wani aminina marigayi ta buɗe ɗan kamfanin bidiyo a Sinnar, nan ƙasar Sudan. Duk Alhamis takan zo ƙauyenmu kusa da Abu Na'ama, ta ɗauke ni ina ba da labarin kakanninmu da suka taso daga Sakkwato, ta sa a intanet. Wata huɗu muna yi, masu kallo ba su fi mutanen masallacinmu ba.

Ta gwada duk dabarar da aka koya mata. Ta rage tsawon labari. Ta rubuta kan shirin da boko, sai dai yaranmu makarantar Larabci suka yi, boko baƙo ne gare su. Ta mayar da shi Larabci, masu dannawa suka ji tsoho yana Hausa, suka fita.

Ran nan bayan la'asar ta ce, "Baba, kalas, an gama. Abokan aikina sun ce wannan ne na ƙarshe."

Na ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Amma kuwa akwai sauran labarai wajen talatin da ban san mai riƙe su ba in ba ni ba.

Ina da al'ada, nakan rubuta kan labari da ajami a takarda don kada in ɓata hanya. Ranar na manta ban sauke ta daga gwiwata ba. Ta leƙa, ta yamutsa fuska.

"Wannan wane irin Larabci ne, Baba? Ko jinnu ke maka imla'i?"

"Karanta da ƙarfi, sarkin surutu."

Ta bi baƙaƙen a hankali: "Yadda kakata ta haifi uwata a hanya." Hausarta ce ta fito daga haruffan da ta sani tun tana ƙarama. Sai ta ɗauki hoton takardar, ta sa shi a fuskar bidiyon.

Kafin Alhamis ta zagayo, masu kallon bidiyon sun cika maƙil, kowa yana turawa danginsa. Ta karanta mini saƙon wata mata daga Dinder: "Na ɗauka Larabci ne, ban gane ba. Da na karanta a bayyane, sai tsohuwata ta amsa daga ɗaki, ta ce wa ke wannan magana?"

Ba a rufe shirin ba. Labarai talatin ɗin nan duk na ba da su, alhamdu lillahi.

Abin da na koya shi ne, mutanen da muke nema suna nan tun farko. Mu ne muka yi ta sallama a ƙofar da ba tasu ba.