Dutsen Niƙa a Goshin Injin Rufa'i

Har yau akwai tabo a ɗuwawuna na hagu, kuma Rufa'i ne sanadinsa, ko da yake in ka tambaye shi cewa zai yi tumbina ne ya jawo mini. Wata rana da hantsi ina ratsa gefen filin ƙwallon makarantar da nake koyarwa, ya tsayar da injin yankan ciyawarsa, irin wanda ake hawa a tuƙa kamar ƙaramar tarakta, ya dube ni daga hula har takalmi kamar mai tayin rago.

"Taubashi, zo ka zauna nan gaba."

"Gaba ina?"

"Bisa murhin inji. Nauyi nika biɗa, ba shawara ba."

Da yake ba a taɓa neman nauyina da mutunci haka ba, na tattare riga na hau. Muka ɗan taɓa tafiya lafiya lau, ina ɗaga wa jama'a hannu kamar sabon ciyaman. Abin da bai gaya mini ba shi ne tun safe injin ke aiki, murfin ya yi zafin da za a toya masa a kai. Da zafin ya ratsa wando ya iske ni, ban tsaya sallama ba, na dire. Ina direwa goshin injin ya tashi sama kamar akuya mai miƙewa cin ganye, Rufa'i ya zame daga kujera, ƙeyarsa ta gaisa da duron ciyawar da ya ɗaura a baya.

To, a bar zancen ɗuwawuna. Abin tambaya shi ne me ya kai magidanci mai hankali ga ɗora ɗan'uwansa a kan ƙarfe mai zafi.

Rufa'i ɗan kawuna ne, haifaffen Jiga Makera ta ƙasar Aliero. Mahaifinsa jakuna gare shi, da su yake ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kasuwar Jega, kuma a bayan jakunan nan Rufa'i ya yi wayo. Da ya tasa sai ya raina jaki, ya bi motar kaya, daga nan ya koyi tuƙin tarakta a wajen wani mai gona a Maiyama. Taraktar ta mutu, ya dawo gida, ya samu aikin lebura a makarantar kwana da ke bakin hanya, wadda nake koyarwa a cikinta. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Da ƙarfe kaɗai yake hira, shi ma faɗa ne.

Albashin lebura ba ya ci da gida. Abin da ke ci da gidan Rufa'i gonar gado ce, jigawa ce fara sol, wadda in ba ta sha taki ba gero ba ya wuce gwiwa. Takin zamani kuwa a lokacin sai dai a ji labarinsa a rediyo. Abin da ya riƙe gonar tun zamanin iyaye shi ne shanun gidan su Sambo, wani Bafillace da rugarsu ke bayan makaranta. Da damina, lokacin da ko'ina shuka ce, babu inda saniya za ta sa baki ba a yi rigima ba, shanun Sambo na kiwo a filin makaranta, Rufa'i na sa musu ido. Da kaka kuma Sambo ya kai su su kwana a gonar Rufa'i har sai ƙasar ta yi baƙi. Ba wanda ya taɓa zama ya ƙulla wannan, haka suka tashi suka gani.

Sai aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato, kowane wuri ya shiga neman ya yi kama da birni. Aka zagaye makaranta da waya. Ɗan kwangilar da ya yi aikin ya ɗora da kyautar injin yankan ciyawa, ja wur, da fitilu biyu kamar idon kwaɗo. Shugaban makaranta ya ce daga yau babu saniyar da za ta sake shiga, ya gaji da ganin 'yan ƙwallo na zamewa a kan kashin shanu. Ya miƙa wa Rufa'i makulli, tunda shi ne ya san sitiyari. Ciyawar da aka yanke kuwa, ya ce wanda ke so ya kwasa.

Sambo ya zo ya tsaya a bayan waya, sanda a wuya, yana kallon filin.

"Kaɗo, yanzu ƙarhe ka cin haki, shanu na kallo?"

"Ba ci yakai ba, yankewa yakai. Ni zan kawo maka har ruga."

"Kara dai kowa na da shi da kaka," in ji Sambo. "Hakin damina shi ne zumunci. Akwai wani mutumin Giwa Tazo da ke ta kirana in koma wajensa, hwadama gare shi."

Rufa'i ya ce ya ji, ya kuma yi alkawari.

Ranar da ya fara aiki ya gane irin alkawarin da ya ɗauka. Injin ba yanka yake yi irin na lauje ba, wanda za ka tara ka ɗaure dami. Daddatsa ciyawar yake yi ƙanana, ya feso ta ta wani baki a gefen dama, ta watsu cikin fili kamar an yi wa ƙasa barbaɗen kuka. Ya bi da manjagara, haƙoranta suka wuce ta sama. Ya bi da tsintsiya har la'asar, abin da ya tara rabinsa yashi ne. A jikin kwalin da injin ya zo a ciki akwai hoton wani Bature yana murmushi, da bututu ya taso daga bakin nan ya zuba cikin jakunkuna biyu a bayan kujera. Hoton ya iso Jega, jakunkunan ba su iso ba. Rufa'i ya zagaya masu kayan gyara na Jega kaf, ya kai har Birnin Kebbi da yankin kwalin a aljihu. Wani ya ce sai Legas. Wani ya tambaye shi ko injin ban-ruwa ne.

Ya dawo ya ɗaura buhun taki a bakin injin da igiya. Buhun ya kumbura, ya ja ƙasa, kafin a kai ƙarshen fili gindinsa ya yage. Sai ya ce abin na ƙarfe ne. Ya samo duro, mai walda ya yanke masa shi, ya kafa shi a bayan kujera, ya haɗa da bututun da aka naɗe da kwano. Da ka gan shi ka ga aiki. Har shugaba ya fito ya yaba.

Amma ɗanyar ciyawa nauyi gare ta, duron kansa ma ba baya ba. Da ya kai rabi sai tayoyin gaba su fara shafar ƙasa sama-sama. Rufa'i ya juya sitiyari dama, injin ya miƙe abinsa, saura kaɗan ya kwashe turken raga. In aka zo ɗan tudun da ke gefen kwalbati kuwa, sai goshi ya tashi gaba ɗaya. Ya ɗora buhun yashi a kan murfi, ya toshe wa injin hanyar iska, ya yi zafi ya mutu. Ya rataya buhun a gaba, sai ya zama in duro babu komai sitiyari ba ya juyuwa sai da ƙarfin ƙirji, in ya cika kuma yashin bai isa ba. Ga bututun yana toshewa bini-bini, sai ya kashe inji ya zura sanda. In ka wuce da rana za ka ji shi yana yi masa faɗa.

"Kai wane irin jaki ne? An sa maka gaba ka ƙi, an sa maka baya ka ƙi. Mi kaka so?"

A wannan halin ne ya hango ni da tumbina. Tunaninsa, yana son nauyin da zai iya hawa in duro ya cika, ya sauka in an juye. Ta wannan fuskar ban ba shi kunya ba, na sauka, sai dai ban jira an juye ba.

Duk da haka ya tara abin da ya tara, ya bar shi cikin duro ya kwana, washegari ya kai ruga a amalanke. Da aka buɗe, ciyawar ta yi zafi tana tururi, ta yi baƙi, tana warin tsami. Shanun suka shinshina suka juya baya. Sambo ya ɗebo kaɗan ya murza a hannu, ya share hannun a jikin sanda. Wannan ya fi zagi ciwo, Rufa'i ya dawo ko tuwo bai ci ba.

Warin ne ya tsaya masa a hanci, don ya san shi. Warin albasar da aka kulle a inda ba ta shan iska ne. Ɗan Aliero ko a mafarki ba zai zuba albasa a duro ba, buhun algarara ake sa ta, mai ƙofofi, ta yi numfashi. Ya kuma tuna mahaifinsa in mangala ta karkace a bayan jaki, ba ya fara neman dutsen da zai ƙara a gefen da ya yi sama, sai ya fara rage wa gefen da ya rinjaya. Shi kuwa wata da watanni yana ta ƙara wa gaba, bai taɓa tunanin rage wa baya ba.

Ya cire duron ya jefar. Mai walda ya yi masa ɗan siririn firam, ya rataya buhunan albasa biyu, bakinsu a buɗe ƙarƙashin bututu. Iska ta samu hanyar fita, bututun ya daina toshewa. Buhu na cika ya sauke, ya shanya ciyawar a inuwa, ya rataya wani. Saura ɗan nauyi kaɗan a gaba, a ƙasa-ƙasa, inda ba zai toshe iska ba. Ya je gida ya tarar da dutsen niƙan mahaifiyarsa, Inna Luba, jingine a bayan rumbu, tun da injin niƙa ya shigo gari ba a sake taɓa shi ba.

"Ina za ka da dutsina?"

"Aiki zai koma, Inna."

"Da shi anka kawo ni gidan ga. In ka hwasa shi, kada ka dawo."

Ya naɗe shi da tsumma, ya ɗaure shi da waya a goshin injin, tsakanin tayoyi. Injin ya tafi sumul, ya hau tudun kwalbati bai ɗaga kai ba, ya juya inda aka juya shi. Shanun Sambo suka cinye buhu biyun farko har suna lasar algarara.

Sai dai lokacin ruwa ya riga ya fara ɗaukewa, gero ya yi kai, ciyawar fili ta daina tofowa. Abin da ya samu ya kai ruga bai taka kara ya karya ba.

"Hakin ya yi kyau, Kaɗo," in ji Sambo. "Amma ka makara. Na riga na ba mutumin Giwa Tazo baki, shi ya riƙe min shanu da haki damina duka. Can za su kwana bana."

"Gonata fa?"

"In sun gama can, in da sauran rani, mu gani. Baɗi kuma, in ƙarhen naka na da rai, ka san hanya."

Ranar da shanun suka tashi na iske Rufa'i zaune a ƙarƙashin darbejiyar bakin fili, yana ɗinke bakin wani buhu da basilla, injin na gefe da dutsen Inna a goshi kamar an yi masa laya. Fuskar nan a murtuke. Na ga ya kamata taubashi ya yi aikinsa.

"Injiniya, ashe dutse ya ƙwace mini aiki. Ni da na ba da fatar jikina, ko sannu ban samu ba. Ka sani dai ba don na dire ba, da ba ka gane baya ce ta yi nauyi ba. In an zo rubuta tarihin injin ga, a sa sunana sama da naka."

Ya ci gaba da ɗinkinsa.

"Kuma ka daina ɓata rai kan shanu. Gona ai addu'a take so da kyakkyawar magana. Ni zan riƙa zuwa ina ɗebe mata kewa."

Ya ja zaren ya tsinke shi da haƙori, ya tofar, sannan ya dube ni.

"Haliru, da surutu taki ne, da tuni na kahe maka turke tsakiyar gona, Sambo ya tahi inda ya ga dama."