Kular Baba Milimita

Ba a banza ake ce masa Baba Milimita ba. Shekara talatin da ɗaya yana sassaƙa ƙarfe a shago guda, kuma ba abin da ya taɓa shiga hannunsa ya fita bai auna shi ba. An ce ranar da aka haifi 'yarsa, kafin ya tambayi mace ce ko namiji sai da ya auna tafin ƙafarta. Matarsa kuwa ta daina ba shi burodi ya yanka, don kafin ya gama daidaita yankan shayi ya huce.

Da tsintsiya ya shigo sana'ar, yana share ɓurɓushin ƙarfe, har ya kai ga babban inji mai aiki da kwamfuta. Dokarsa ɗaya ce: ba a ajiye komai a cikin inji. Ba sifana, ba tsumma, ba waya. Akwai wani ma'aikaci da ya taɓa manta hularsa a ciki, Baba ya yi wata uku yana masa gori, har sunan Mai Hula ya bi shi. Da hannunsa ya rubuta dokar a bango da jan fenti, kowane harafi milimita arba'in.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, can ƙuryar babban injin akwai wani lungu mai ɗumi kamar ƙarƙashin kaza. Kular abincin Baba kuwa murfinta ya lotsa, ba ta riƙe zafi. Kullum yakan riga kowa zuwa ya cusa ta a lungun, in an watse cin abincin rana ya zaro abarsa, shinkafa tana tururi. Shekara huɗu ana haka, lafiya lau.

Sai mai shagon ya sayo wata manhaja. Aikinta shi ne, kafin wuƙar injin ta taɓa ƙarfe na gaske, a fara gwada yankan a allon kwamfuta. In wuƙar za ta yi karo da wani abu, wurin ya yi ja, kwamfuta ta yi tsuwa. Wani masani ya zo da na'ura wata rana da hantsi, ya kwafi siffar cikin injin kaf ya zuba a kwamfutar. Da zai tafi ya ja wa mai shago kunne cewa duk abin da ke cikin hoton jikin inji ne, kada a goge komai. Mai shago ya riƙe maganar kamar wasiyya.

Mai zama gaban kwamfutar mijin 'yar Baba ne, wani salihi da ake kira Tabarau. Baba ne ma ya samo masa aikin.

Ranar da aka kawo wani ƙaton faranti na ƙarfe, wanda sai wuƙa ta kai har ƙurya kafin ta gama shi, Tabarau ya danna gwaji. Wuƙa ta yi ta yawo a allo, ta nufi ƙurya, sai ja, sai tsuwa. Ya rage tsawon wuƙar, ja. Ya canza mariƙinta, ja. Ya matsar da ƙarafan da ke danne farantin, ya ƙara tazarar da wuƙa ke ɗagawa kafin ta juya, ya sake saita inda ake fara awo. Kwamfuta ta ce ita fa ja ta gani. Da ya faɗaɗa hoton wurin, sai ga wani abu zagayayye, mai hannu, zaune a lungu.

Baba ya leƙo ta bayan kafaɗarsa. Har lotsawar murfin ta fito, tsaf.

"Mene ne wannan?" in ji mai shago.

"Kayan zamani ne, ranka ya daɗe," in ji Baba, yana kallon rufi.

A tunanin Baba, kwamfutar ido ne da ita, tana hango cikin injin a kowane lokaci. Don haka washegari ya ɓoye kular a kabad, ya zo yana gyaran murya.

"Ɗana, sake danna mata mu gani."

Ja.

Ya lallaɓa ya kai ta bayan shago, ya rufe da buhu. "Sake dannawa." Ja. Rana ta uku ya bar ta a gida ɗungurum, ya wuni da yunwa, cikinsa yana kuka ya fi injin. Kula tana can kan tebur a gida, ga ta kuma zaune a allo tana kallonsa. Baba ya fara zargin ko dai masanin nan ba shi kaɗai ya zo ba.

A ranar ne mai shago ya gaji. Ya ɗauko tocila, ya zura kai cikin injin, ya haska lungun. Wayam. Ya dubi allo, ya dubi lungu, ya sake duban allo.

"An cire min kayan inji! Ga shi a hoto, babu shi a nan. Wa ke riƙe da makullin shagon nan bayan Baba?"

Kowa ya juya ya kalli Tabarau. Ai Baba ba a ma kawo shi cikin zargi, mutumin da ya rubuta bango.

"Gobe da safe ko abin nan ya koma mazauninsa, ko ka ajiye min makullina, kuma duk layin nan sai sun san dalili."

Tabarau ya sunkuyar da kai, ya goge gilashinsa.

Da Baba ya koma gida, matarsa ta tare shi da kular a hannu. "Malam, girkina ne ya gundure ka, ko wata ce ta fara ciyar da kai?"

Ya kwashe labari ya faɗa mata. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango, sannan ta tsuke fuska.

"To yanzu a kan shinkafata za a kira uban jikokinka ɓarawo? In ba ka kai ta ba, ni zan kai ta, da cokali."

Washegari Baba ya shigo shago da kula a hannu, a fili, kamar mai ɗauke da gawa. Ya jira kowa ya hallara, ya buɗe ƙofar injin, ya ajiye ta a lungun, ya juya hannunta daidai yadda yake a hoto. Mai shago ya dubi allo, ya dubi lungu. Ko milimita ɗaya ba bambanci.

"Yauwa, ya dawo! To shi wannan me yake yi a jikin injin?"

"Shinkafa yake riƙewa, ranka ya daɗe."

Mai Hula ne ya fara fashewa da dariya, ya zube a kan benci yana dukan cinya. "Baba! Wata uku! A kan hula! Hula ko miya ba ta da ita!"

Baba bai kula shi ba, ya juya wurin surukinsa. "Kai kuma da gilashinka har biyu, ba ka gane ta ba?"

"Baba, ai ni na saya muku ita. Tun ranar farko na gane."

"Me ya hana ka magana?"

Tabarau ya saci kallon rubutun bango, ya mayar da kai ƙasa. "A gaban mutane, Baba?"

Karon farko a rayuwarsa Baba ya ga abin da ba shi da ma'auninsa.

Mai shago ya yarda a goge kular daga hoton. Tabarau ya danna sau ɗaya, ta ɓace, wuƙa ta kai ƙurya ta dawo ba tsuwa. Mai shago ya ɗora wa Tabarau hannu a kafaɗa ya ba shi haƙuri, sannan ya ce kwamfutar ma a ba ta haƙuri, don da an yanka farantin nan da kular a ciki, da har rufi sai an kankare shinkafa.

Hukuncin Baba kuwa gwangwanin jan fenti aka miƙa masa. Ya hau kujera, a ƙarƙashin dokarsa ya ƙara: HAR DA KULA. Mai Hula ne ya riƙe masa kujerar, yana tambaya ko a kawo ma'auni.

"Kawo," in ji Baba. "In za a ji kunya, a ji ta daidai."