Tambayar Sista Talatu

Ranar wata Laraba, a daminar da nake aji huɗu, ina yankar wa awaki ciyawa a gonarmu ta hanyar Mashi, ciki ya murɗe ni na faɗi tsakanin kunyoyin gero. Aka ɗora ni a babur zuwa asibiti a Daura. Likita ya ce taifot ya huda mini hanji, aka yi mini aiki.

Da na farfaɗo, mata biyu ke kaina. Ta farko Inna, kakata, mai jinyata. Ta biyu Sista Talatu, nas ɗin ɗakin, mace marar fara'a. Dokarta ɗaya: ba ci, ba sha, sai ƙarin ruwa. Duk kunun da 'yan dubiya suka kawo, a bakin ƙofa take tare shi.

Inna ba ta yarda da ita ba. Da farko ta ce gida Sista take kai kunun. Daga baya ta lura kullum da safe Sista takan kara abin sauraro a cikina ta ce, "Ka yi tusa?" Inna ta ce, "Wace irin mata ce wannan, ta hana yaro abinci tana bin iskar cikinsa?" Ni ma na tsargu. An hore mu ba a faɗar wannan a gaban manya, sai in sunkuyar da kai.

Inna ta ɓoyo fura cikin mayafi. Ta ɗaga ludayi ke nan Sista ta shigo. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Inna, hanjin barci yake. In furar nan ta shiga kafin ya farka, ɗinkin zai ɓalle. Tusar ce alamar ya farka." Inna ta ajiye ludayin tana hararar ta, amma daga nan ta tare a gefen gadona, ta kasa kunne.

Washegari kawunnaina sun cika ɗakin, abin ya kuɓuce mini. Na rufe fuska. Inna ta miƙe ta rangaɗa guɗa: "Sista! Maigidana ya yi! Fito da kununmu!" Ruwa aka fara ba ni a cokali, sannan shayi, sannan kunu. Har Inna ta rasu tana tambayar inda kunun farko ya tafi.

Yanzu jikokina suna faɗa wa likita komai ba kunya, kuma haka ya dace. Tabon yana nan a cikina. Mai yi mini guɗa ce babu.