Gawon Tsoho

A Kwaya ba wanda zai ce ya taɓa ganin haƙoran Bintu mai ƙuli-ƙuli. Magana ɗaya take yi, ba ta maimaitawa. In ka taya mata man gyaɗa da wulaƙanci, sai ta rufe kwalbarta ta dubi na bayanka. Ni maƙwabciyarta ce tun muna amare, kuma har yau sai na gyara kallabina kafin in yi mata sallama.

Mijinta Tsoho ya rasu ya bar gawo guda a tsakiyar gona. Tun yana tsiro ya kewaye shi da ƙaya, ya yi ta sassabe masa rassa har ya zama itace. Geron gindinsa ya fi na ko'ina kai, da rani kuma a inuwarsa suke ɓarar gyaɗa su biyu.

Ko takaba ba ta gama ba, ƙanin Tsoho, Hamisu, ya sa gatari ya kayar da gawon ya sayar wa masu sassaƙa turmi. Da ta tare shi, sai ya ɗauka wasan ƙanin miji zai cece shi.

"Haba Yaya, icce ne fa. Ko shi za ki aura?"

Bintu ta ce, "Ban yafe ba." Daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Sallah ta zo ta wuce, suna, biki, ta'aziyya, in ya shigo ta ƙofa ita ta ɗauki takalmanta. Wallahi ban ga laifinta ba, don ni ma raina ya ɓaci da wannan dariya tasa.

Shekaru suka ja, ciwo ya kwantar da Hamisu. Da aka dawo da shi daga asibitin Magarya ya fara aikawa ana nemar masa gafarar mutane. Kowa ya yafe, saura Bintu. Liman da kansa ya taka har gidanta, sannan ta tafi, ni ina biye.

"Yaya, ki yafe mini," in ji shi.

Ta kwance bakin zanenta ta zube masa 'ya'yan gawo a tabarma.

"A shuka inda ka sare. Ranar da ya yi inuwa, na yafe."

Ya sa 'ya'yansa suka shuka da damina, ɗaya ya tsiro. Kafin kaka Hamisu ya cika.

Ranar sadakar uku mata suka yi mata ca. Ta ce in rako ta gona. Rana tsaka ta tsaya kan tsiron, ko gwiwarta bai kai ba. Ta dubi ƙasa tana neman inuwarsa.

"Bai yi ba tukuna," ta ce.

Sai ta jawo ƙaya ta kewaye shi saboda awaki.