Fulotin Baba Mai Baƙar Ƙasa

Idan aka shirya gasar faso a ƙasar Kura, Babana zai cinye ba tare da ya tashi daga tabarma ba. Na sha tsokanarsa cewa idan ƙwayar shinkafa ta faɗa cikin fason dugadugansa, sai dai a jira kaka a girbe. Tun kafin a haife ni yake noman rani, kullum tsaye cikin ruwan da ake kora wa tumatir da shinkafa. Umma na shafa masa man kaɗanya yana cije leɓe, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohon ƙyaure.

Shekarar da tumatir ya yi kwantai, har kwandon ya fi abin da ke cikinsa daraja, Baba ya dawo daga Kadawa ya ce ya gaji.

"Gidan haya zan gina," in ji shi. "Gini ba ya ruɓewa a kwando, tsutsa ba ta cin sa. Wata ya ƙare a kawo maka haƙƙinka kana zaune, ƙafarka a bushe."

Umma ta ce, "Malam, da me?"

"Da gona."

Jingina ya ba da ita. Maƙwabcinmu ya ba shi kuɗi, shi kuma zai riƙa noma ta har ranar da aka mayar masa da abinsa. A lissafin Baba, haya ce za ta fanso gonar, ya sa 'yan ƙwadago, shi kuma ya huta. Abu na farko da ya saya, tun kafin bulo ko siminti, takalmi ne sau-ciki baƙi, mutumin da ko silifa ba ya daɗewa a ƙafarsa. Ni kuwa kafin sati ya zagayo na gaya wa duk ajinmu cewa bene muke ginawa a Kano, kuma duk wanda ya taɓa cin zalina ba zan ba shi haya ba ko da ya durƙusa.

Ranar sayen fuloti ni na raka shi a bayan babur, zuwa wajen Kumbotso. Tsakiyar rani ne. Dillalin yana ta kiransa Alhaji, alhali ko jirgi Baba daga ƙasa yake hangowa. Ya kai mu wani fili a kan tudu, jar ƙasa, tsakuwa zalla. Baba ya tsuguna, ya ɗebo, ya murza, ya watsar.

"Wannan ai ko akuya ka ɗaure a nan sai ta yi maka Allah ya isa."

"Alhaji, gini za ka yi ko shuka?"

"Ƙasar da ba ta iya riƙe gero, ita za ta riƙe gida?"

Sai Baba ya hango wani fili can ƙasa-ƙasa, ciyawarsa kore shar ita kaɗai a duk unguwar. Ya tafi da saurinsa, sabon takalmi na matsa masa. Ya tona da yatsa, ƙasa baƙa wuluk, da damshi a cikin ranin nan. Ya shinshina, fuskarsa ta washe yadda ban taɓa gani ba.

"Ka ga ƙasa mai albarka," ya ce da ni.

Dillali ya sosa ƙeya ya ce wurin yana ɗan tara ruwa da damina. Baba ya yi dariya ya ce shi ruwa yaronsa ne, shekara da shekaru yana juya shi da fartanya. Birkila ma da aka zo fandisho ya ce a yi ciko tukuna. Kuɗin ciko sun kai na ɗaki guda, Baba ya ce zai haƙa lambatu da hannunsa. Ya haƙa kuwa, mai kyau, miƙaƙƙe kamar an ja shi da zare.

Abin da bai lissafa ba, ruwan gona yana da ƙofa, a buɗe a rufe. Na sama ba ya da ita. Da damina ta kankama, duk gidajen da ke kan tudu suka juyo mana nasu. Mun je muka tarar da ɗakuna uku da ba a kai ga rufawa ba suna tsaye cikin tafki. Bango ɗaya ya tsage tun daga ƙasa, na bayan ya kwanta gaba ɗaya. Kwaɗi kuwa sun tare, har da iyalansu. Na buɗe baki zan ce ga 'yan haya sun samu, sai na ga fuskar Baba, na haɗiye.

Muka koma gida. Baba ya daina bi ta gefen gonarmu, inda shinkafar maƙwabci ta yi kore. A makaranta aka sa mini suna Mai Bene, na yi ta dariya tare da su don kada a gane.

Wata safiya Baba ya tashe ni ya ce in hau babur. Ya ɗaure damin irin shinkafa da ya roƙo a wurin wani abokinsa, ya sa takalmin nan. Umma ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, gwiwar fa?"

"Gwiwa za mu ci?" ya ce, ya ta da babur.

A bakin fulotin ya daɗe yana duban ruwan. Daga nan ya zauna a kan bulon da ya zube, ya cire takalmin, ya kaɗe ƙurar da hularsa, ya miƙo mini.

"Riƙe, kada ya jiƙe."

Ya naɗe wando ya shiga. Ruwan ya kai masa ƙwauri. Ya fara dashe daga inda ya ce nan ne zai zama falo, layi bayan layi, babu ko karkata. Da ya kai tsakiya ya ɗago, laka na zuba daga hannunsa.

"Ban gaya maka ba? Ƙasar tana da kyau."

Na ce, "Tana da kyau, Baba." Na rataye takalmin a kan babur, na tuɓe nawa, na bi shi.