Pakcik Sainin, Mai Dafa Harshen Mota

Da an sauko daga sallar asuba, Pakcik Sainin, wato Kawu Sainin a yarenmu, zai ɗaga ƙofar garejinsa da ke bakin kasuwar kayan lambu ta Kundasang, garinmu na kan tsauni, ya jera sifanu a kan buhu, sannan ya tsallako titi zuwa rumfarmu ta taliya, ni da Mama. Kafin ya nemi abin kari, butar ruwan zafi yake nema. Shekara talatin da ɗaya yana gyaran motocin gas a garin nan, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye aiki saboda hannunsa ya fara rawa. Bakina ba ya buɗuwa a cikin taro, shi ya sa na rubuta.

A jikin salansar motocin zamani akwai wani ɗan ƙarfe da bai wuce ɗan yatsa ba, mai auna zafin hayaƙi ya sanar da ƙwaƙwalwar mota. Pakcik yana kiransa harshe, wai shi ke ɗanɗana wuta. Idan ya mutu, sai fitilar gargaɗi ta kama, motar ta ƙi jan hawa. Pakcik ba ya ɗaura sabo sai ya tsoma bakin harshen a tafasasshen ruwa yana kallon mita. Idan lamba ta motsa yadda ya kamata, na gari ne. Idan ta tsaya cak, jabu ne, komai kyawun kwalinsa.

Direbobin kabeji sun mai da abin wasa. Masrin, wanda ya fi kowa baki, yakan leƙo ya ce, "Pakcik, miyar ƙarfen ta nuna? A sa mini barkono!"

"Taka sai ta kwana a wuta," in ji Pakcik. "Kai da motarka duk ba ku jin magana."

Bara ne muka ga amfanin butar. Makcik Rumpinah, wato Gwaggo Rumpinah, ita ke tuƙa mijinta zuwa wankin ƙoda a birni, sau uku a mako, a a-kori-kurarsu. Wata Litinin suna dawowa motar ta sare musu a tsakiyar hawa, suka yi awa huɗu a hanya, mara lafiya yana kwance a kujera. Washegari ta kawo motar, da sabon harshen da ta saya ta waya. Pakcik ya tsoma shi a buta. Lamba ko gezau.

"Wannan gawa ce, Rumpinah."

"Gobe da safe ne layinsa," ta ce. "In ya tsallake, ƙafafunsa kumbura suke yi, numfashi ya gagara."

Na gari kuwa sai an aiko daga nesa, kwana tara. Masrin ya matso, wannan karon babu wasa. "Pakcik, a yi mata dabarar nan mana. A ɗaure wayar harshen, ƙwaƙwalwa ta ɗauka kullum sanyi ake. Fitila ta mutu, kowa ya huta."

"Ƙwaƙwalwa za ka yaudara, ba wuta ba. Ranar da inji ya ɗau zafi a hawan nan, wa zai faɗa mata? Kai?"

Masrin ya sosa ƙeya.

Pakcik ya juya ya dubi tasa motar, wadda iri ɗaya ce da ta Makcik. Ya shiga ƙarƙashinta. Harshen ya yi tsatsa ya kafe, ya ɗiga masa mai, ya zauna ya sha shayi, ya sake ɗigawa, har ya kwance ba tare da ya karye ba. Harshen nan ma sai da ya sha ruwan buta a gaban kowa kafin a ɗaura wa Makcik. Da ta fara godiya ya katse ta: "Aro ne. Ki gaishe shi, ki ce ya rage gishiri."

Kwana tara muna ganin dattijon nan yana gangarowa daga gidansa a ƙafa, da lema, cikin ruwan sama. Mijin Makcik bai tsallake layi ko ɗaya ba. Yana nan da ransa, jiya ma ya ci taliya a rumfarmu.

Pakcik, kai ne ba ka yarda da kwali sai ka ji ta bakin buta. Kai ne ka ƙi koya wa mota ƙarya, ko da ƙaryar za ta faranta ran mai ita. Mun gode, Allah ya ba hannun nan hutu da lafiya.

Masu gyaran da za su gaje shi, ku gwada kafin ku ɗaura, don ba ku san wanda ke kwance a kujerar baya ba. Butar tana nan a rumfarmu, Mama ta ce ba za a ƙara dafa shayi da ita ba. Masrin ne ya fara zuwa aro, da sabon harshe a aljihu, yana kallon ƙasa.